Jirgin Misbahu da Ruwan Zafin Magariba

Ranar wata Alhamis ce, dab da magariba, a unguwar Bowie da ke ƙasar Amurka. Masu dawowa daga aiki sun gama shigewa gidajensu, titi ya yi tsit, ba a jin komai sai kukan kwaɗi daga kududdufin da ke bayan gidajen, inda ruwan sama yake taruwa. Injiniya Misbahu yana cikin garejinsa ya duƙufa a kan jirginsa, kamar yadda ya saba kowace yamma, shekara biyu ke nan.

Jirgin ruwan yaƙi ne irin na zamanin yaƙin duniya na biyu, sai dai an ƙanƙanta shi har tsawonsa bai wuce ƙafa biyar ba. Wani maƙwabcinsa mai suna Joel, tsohon sojan ruwa, shi ya jefa shi cikin harkar. Manyan mutane ne, wasu har da furfura, suke haɗuwa a bakin tafki ran Asabar, kowa da jirginsa da rimot a hannu, su yi ta harbin juna da 'yan ƙwallayen ƙarfe masu girman ƙwayar dawa har sai jirgin wani ya nutse. Mai jirgin ya naɗe wando ya shiga ruwa ya tsamo abinsa, ya liƙe hujojin, a sake. Sau ɗaya Misbahu ya je kallo, shi ke nan hankalinsa ya tafi. Mota ta koma kwana a waje, gareji ya zama ɗakin jirgi. Da hannunsa ya yanka haƙarƙarin jirgin ɗaya bayan ɗaya, ya dasa injina biyu, da bindigogi uku masu aiki da iskar gas, da ɗan famfon da ke fitar da ruwa idan an huda jirgi. Abin da ya rage masa kawai fatar goshin jirgin, ga gasa saura kwana tara.

Da katakon balsa ake yin fatar, falle siriri kamar kwali, domin harsashi ya iya huda shi. Shi kuwa balsa ba ya lanƙwasuwa a bushe, sai an jiƙa shi cikin tafasasshen ruwa ya yi laushi tukuna. Don haka Misbahu ya ɗauko babbar tukunyar matarsa Rumasa'u, wadda take dafa shinkafar baƙi a ciki, ya ɗora a kan ɗan risho a garejin. Falle biyu sun riga sun tsage masa a yammacin nan, ransa a ɓace yake. Yana riƙe da na uku a jikin jirgin, yatsunsa duk gam, sai ga 'yarsa Afnan ta leƙo. Shekarunta goma sha biyar, a nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayar da amsa. Ta ce Mama ta ce lokacin salla ya kusa.

"Na ji," in ji shi. "Ɗauki tukunyar nan ki zubar da ruwan a baya. Yi sauri, turirin yana ɓata min gam."

A garinsu Misbahu, ko yaro ya san ba a watsa ruwan zafi a ƙasa babu bismilla, balle da magariba, lokacin da waɗanda ba ma gani suke fitowa da 'ya'yansu. Shi ma ya sani. Da wannan mahaifiyarsa ta raine shi. Amma tun da ya yi boko ya haye jirgin sama, ya tattara irin waɗannan abubuwa ya kira su camfin ƙauye, bai taɓa koya wa 'yarsa ko ɗaya ba. Afnan ta kinkimi tukunyar da ƙyar, ta fita ta ƙofar baya, ta juye ruwan a gindin itacen da ke bakin hanyar gangarawa kududdufi.

Wani abu ya yi ƙara, siririya, gajeriya, kamar an taka ɗan kyanwa. Kwaɗin nan duka suka yi shiru a lokaci guda. Misbahu ya ji shirun, domin shirun ya fi kukan ƙarfi, amma balsa yana hucewa a hannunsa, sai ya ci gaba da dannawa.

Washegari da magariba aka fara jifa. Suna zaune a falo sai suka ji tas a gilashin taga, aka ɗan dakata, aka sake, sannan abin ya ɓarke kamar ana watsa tsakuwa a kwano. Misbahu ya fita a fusace da tocila, ya zagaya gidan yana zagin yaran unguwa. Bai ga kowa ba. Abin da ya gani a cikin ciyawa 'yan ƙwallayen ƙarfe ne, irin na bindigogin jirginsa. Ya koma gareji ya duba kwalbar da yake ajiye su. Murfinta a ɗaure yake tam yadda ya bar shi, amma abin ciki ya ragu.

Ba abin da ya fi sauƙi ga mai fushi kamar neman wanda zai ɗora wa laifi. Ya hau sama ya tsare Afnan da faɗa, wai ita take taɓa masa kaya. Yarinyar tana zaune a gefen gado ta naɗe ƙafafu. Ran Asabar ya sayo kyamara ya kafa a bayan gida. Da magariba aka yi jifan da ya fi na jiya, ya duba hoton, babu komai a ciki sai itacen nan a tsaye da ciyawa tana kaɗawa ba tare da iska ba.

Daga nan gidan ya canza. Da rana lafiya lau, kowa ya tafi harkarsa. Amma da zarar inuwa ta miƙe, rana ta yi ja a bayan gidajen, sai wani nauyi ya sauko wa ɗakunan. Kukan jariri ya riƙa fitowa ta bututun kicin, can ƙasa-ƙasa, kuka irin na wanda ya gaji da kuka. Afnan ta daina cin abinci. In an kunna butar shayi ta fara tafasa, sai ta toshe kunnuwa ta shige ƙarƙashin tebur. Da magariba kuwa ta kama ƙafafunta tana birgima, tana cewa wuta, wuta, alhali babu ko tabo a ƙafafun.

Rumasa'u ma'aikaciyar jinya ce, ba ta da saurin cewa iska. Ta kai yarinyar asibiti, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai, aka ce ba a ga komai ba, wataƙila damuwa ce irin ta 'yan mata. Ta dawo da ita gida, ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta tare a ɗakin 'yarta. Misbahu kuwa, Allah ya shirye shi, a cikin wannan makon ne ya ƙarasa goshin jirgin, ya shafa masa fenti ruwan toka, ya gwada famfo a bahon wanka. In an yi jifa ya yi tsaki ya ƙara ƙarar rediyo. Tsoro yake ji, kuma tsoron ne yake ƙara masa fushi, don bai saba da abin da ba zai iya kwancewa da sukundireba ba.

Ran Laraba Rumasa'u ta same shi a garejin.

"Abban Afnan, zan kira malami."

"Malamin me? A Amurka muke, Rumasa'u. Likita ya ce damuwa ce."

"Ni ma a asibitin nake aiki, na san abin da likita yake faɗa idan bai sani ba. Kai ka ji kukan nan ko ba ka ji ba?"

"Bututu ne. Zan kira mai gyara bayan gasa."

Ta tsaya tana kallonsa, idanunta sun kaɗa sun yi ja. "Bayan gasa," in ji ta a hankali. Ta juya ta fita, ba ta ko rufe ƙofar ba.

Ran Alhamis da magariba aka nemi Afnan a ɗakinta aka rasa. A gareji suka same ta, cikin duhu, zaune a ƙasa ta miƙe ƙafafu irin zaman tsofaffi, jirgin yana kan cinyarta tana shafa shi. Abin kunya ne a faɗa, amma abin da ya fara fita daga bakin uban shi ne ta ajiye masa jirgi kafin ta karya bindigar gaba. Yarinyar ta ɗago kai. Fuskar tata ce, idanun ba nata ba ne.

"Kai ne mai tukunya," in ji ta, da Hausa tsantsa, da muryar mace babba.

Misbahu ya ja da baya ya dafa bango. Rumasa'u ba ta sake neman izininsa ba. A gabansa ta ɗaga waya.

Malam Saaka mutumin Kumasi ne, a garin Sterling yake zaune, yana jigilar fasinjoji daga filin jirgi, yana kuma karantar da manya a masallaci. Ya iso ran Juma'a bayan la'asar, cunkoson motoci a babban titin Beltway ya riƙe shi awa biyu. Dattijo ne gajere marar hayaniya. Ya yi sallama, ya nemi ruwan alwala, ya sa aka zaunar da Afnan a kan darduma a falo, uwarta ta riƙe ta ta baya. Sannan ya fara karatu, ba da ƙarfi ba.

An daɗe ba abin da ya motsa. Hasken taga ya fara dusashewa. Can sai yatsun ƙafar yarinyar suka fara rawa, wuyanta ya sanƙare, ta saki wani gurnani da ya sa kofunan kabad suka yi ƙara. Malam bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen sura.

"Wane ne a nan?" in ji shi.

"Mai gida."

"Ga mai gida can a tsaye."

"Shi baƙo ne. Muna gindin itacen nan tun wurin nan yana gonar taba. Shekara goma sha ɗaya muna jin maganarsu ta tagar kicin, ba mu taɓa ɗaukar musu ko cokali ba. Tsohuwar da ta zo musu wata damina, ita ta san mutunci. In za ta zubar da ruwa sai ta ambaci sunan Allah, ta ce a matsa, ba ma gani. Mu kuwa mu matsa."

Misbahu ya sunkuyar da kai. Mahaifiyarsa ake nufi, wadda ta yi wata uku a gidan kafin ta rasu, wadda ya riƙa yi wa dariya a kan wannan abu.

"Me yarinyar nan ta yi miki?" in ji Malam.

"Ɗana yana rarrafe a gindin itacen. Ƙafafunsa biyu sun saluɓe. Kwana takwas bai runtsa ba, ni ma ban runtsa ba, to don me su za su runtsa?"

"Ba ta sani ba. Ba a koya mata ba."

"Shi ya sani." Yatsan Afnan ya miƙe ya nuna uban. "Ya sani, ya aiko ta."

Nan zuciya ta ɗebi Misbahu. Ya matso yana cewa to a kama shi mana, a sakar masa 'ya, wace irin muguwar halitta ce za ta huce a kan yarinya. Malam ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwaya ba.

"Injiniya, zauna. Ka yi naka ɓarnar, bari a gyara." Ya koma kan yarinyar. "An cuce ki, na yarda. Amma abin da kike yi zalunci ne, kuma Allah ba ya barin azzalumi, mutum ne ko aljan. Za ki fita, ko in ci gaba da karatu har ki ƙone ki bar ɗanki maraya."

Jikin Afnan ya ɗauki ɓari. Da muryar ta dawo, ta yi laushi kaɗan. "In fita in tafi ina? Dangina suna ƙetaren kududdufi, cikin ciyawar ruwa, can mai maganinmu yake. Yaron ba ya iya taka ƙasa, in na ɗauke shi fatar tana biyo hannuna. A ba ni jirgin."

"Ba a ba ku komai," in ji Malam. "Ba yanka, ba turare, ba kyauta. Wannan ƙofar a rufe take."

"To ina nan."

Malam Saaka ya ɗauki carbi yana ja. Falon ya yi duhu, ba wanda ya tashi ya kunna fitila. Rumasa'u tana kuka marar sauti, haɓarta a kan kafaɗar 'yarta.

"Kyauta babu," in ji shi daga bisani. "Amma wanda ya ji wa maƙwabcinsa ciwo, ya kai shi wurin magani. Zai ƙetarar da ku, sau ɗaya, yanzu. In jirgi ya taɓa gaɓar can, ki fita daga jikin yarinyar nan, kada ki dawo, ke da zuriyarki. Ki yi alkawari da sunan wanda ya halicce ki."

"Na yi. In ya kai mu." Idanun suka juya kan Misbahu. "In ya kai mu."

Haka Injiniya Misbahu ya rungumo jirginsa ya gangara kududdufi, Malam yana biye da shi, sauran jan rana kaɗan a sama. Rumasa'u ta fito da Afnan barandar baya ta zaunar da ita inda suke hango ruwan. Misbahu ya durƙusa a bakin gaɓa, ya kunna batir, ya ɗora jirgin a kan ruwa. Wannan ne karo na farko da jirgin ya taɓa ruwan da ba na baho ba, ya zauna daram, daidai layin da ya zana masa. Malam ya ce bismilla. Ciyawar gaɓar ta kwanta kamar an bi ta kanta, jirgin ya karkata gefe guda, ya daidaita, sannan ya nutsa ƙasa da faɗin yatsu biyu.

Misbahu ya tura sandar rimot. Jirgin ya tashi a hankali, da nauyi, injinan suna nishi. Kafin ya kai tsakiya ruwa ya fara hawa bayansa yana shiga ciki. Misbahu ya san jirginsa kamar tafin hannunsa. In bai kunna famfo ba, minti ɗaya ya isa ya tafi ƙasa. Babban yatsansa yana kan maɓallin, sai ya tsaya. Ya tuna 'yarsa tana birgima a ƙasa tana kiran wuta. Ya tuna kwana takwas na jifa da kuka, da yadda aka nuna shi da yatsa a falonsa a gaban matarsa. Ga abin da ya yi masa haka a tsakiyar ruwa, a tafin hannunsa, ba sai ya yi komai ba, ƙin dannawa kawai zai yi. Fushin ya cika masa ƙirji har yana jin ɗacinsa a harshe.

"Injiniya," in ji Malam Saaka, bai ɗaga murya ba. "Akwai jariri a cikin jirgin nan. Kuma in ya nutse, uwar ba ta da wurin komawa sai jikin 'yarka."

Ya danna. Famfon ya kama, siririn ruwa ya fara tsartuwa daga gefen jirgin. Ya rage gudu don kada goshin ya sha ruwa, ya kauce wa wani reshe da ke yawo, ya bi da shi sannu sannu kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Duhu yana ƙaruwa, har ya zama ba ya ganin jirgin sosai sai farin ruwan da famfon ke fitarwa. Can ya ji goshin ya shige cikin ciyawar ƙetare. Jirgin ya yi sama, ya koma kan layinsa, yana lilo shi kaɗai.

Daga baranda aka yi atishawa, aka sake, aka sake ta uku. Kwaɗin kududdufin suka ɗauki kuka gaba ɗaya.

Misbahu ya ajiye rimot a cikin ciyawa, bai ko kashe shi ba, ya hau gangaren da gudu. Afnan tana jingine da uwarta, gumi ya jiƙa mata goshi, idanunta nata ne. Ya zube a gabanta ya kama hannunta na dama da hannu biyu. Ta yi 'yar ƙara ta fizge, ta ce masa da Turanci ya yi a hankali, akwai zafi.

Hannun rigarta ya zame. Daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu ƙuna ce, doguwa, ta fara bushewa a gefe-gefe, tsakiyarta tana ƙyallin magani.

"Ita ta yi mata wannan?" in ji shi.

"Tukunyarka ce," in ji Rumasa'u. "Ta fi ƙarfinta, ruwan ya fallatso mata tun kafin ta kai gindin itacen. Kwana takwas ina wanke ciwon nan safe da yamma a gidan nan, Abban Afnan. Har na daina jiran ka tambaya."

Ya dubi 'yarsa. Ba ta kawar da kai ba, ba ta kuma yi kuka ba. Da Hausarta mai tsami, wadda ba kasafai take yi masa ba, ta ce, "Na zo in nuna maka, Abba. Ka ce in rufe ƙofa, iska tana shigowa."

Malam Saaka ya hauro daga gangaren yana cewa lokacin salla yana wucewa. Rumasa'u ta duba ciwon a hasken fitilar baranda, ta ce an fama shi, a miƙo mata akwatin magani. Misbahu ya miƙe da sauri ya ce shi zai ɗauko. Ya shiga ciki, ya kunna fitila, ya buɗe kabad na farko, ya buɗe na biyu, sannan ya tsaya a tsakiyar kicin ɗin gidansa, bai san inda ake ajiye shi ba.